Batir Guda Cikin Huɗu

Ran Litinin ɗin nan, cikin daminar shekarar da aka yi ƙidaya, tun da sanyin safiya mata suka cika barandar ɗakin shan magani na cocin da ke bayan kasuwar Samaru, kowace da goyonta. Baƙon dauro ya shigo gari, ya riga ya taɓa gidaje a Jushi da Hanwa, an kuwa yi shela a coci cewa ran nan za a yi wa yara allurar rigakafi. Sista Janet, nas ɗin wurin, ta iso da takalminta mai ƙwas-ƙwas da ake ji tun daga bakin titi. Ta buɗe firjin da ake ajiye allurar, ta sa hannu, ta daɗe ba ta fitar ba. Cikinsa ɗumi kamar hammata.

Ta fito ta ce wa mata su koma gida, magani ya mutu, ko an yi wa yaro ruwa kawai aka ɗura masa. Wa zai koma? Suka bi ta ɗuu zuwa ɗan ɗakin baya inda kayan wutar suke. Wutar nan ba ta NEPA ba ce, ta rana ce. Wani Bature ɗan mishan ya ba da ita kafin ya koma ƙasarsu: baƙaƙen faifai a kan rufi suna shan rana, manyan batura huɗu a jere kan katako suna ajiye abin da aka sha, da wani akwati a bango da ake kira inbata, wanda ke juya wutar batir ta zama irin wadda firji ke ci. To, a kan katakon batura uku ne. Ƙofa kuwa lafiyarta lau, ko ƙwarzane babu a jikin kwaɗo.

Kafin rana ta take an gama shari'a a baranda. Mabuɗi guda yana hannun Sista Janet, wadda ko bokitin wanka sai an kai mata bayi. Guda yana rataye a zauren Fasto, Fasto kuwa yana taro a Jos. Na ƙarshen yana aljihun Elias, saurayin da ya taya Baturen kafa kayan, shi ke kuma duba su. Dama mutane na jin haushinsa, don in ya buɗe baki sai inbata, sai bolt, sai kwantirola, kamar tare aka haife su.

Dattijo Gregory, tsohon ma'aikacin reluwe, sakataren kwamitin coci, kuma uban 'yan bangan unguwa, shi ya yanke maganar. Muryarsa a dishe take saboda dogon jawabin da ya yi ran Asabar a ƙauye, wurin makokin mahaifiyar Mama Bibiana, uwar zumuntar mata, amma dishewar ba ta hana shi ba da umarni ba. Ya ce a kamo Elias. Masu dogon baki sun ce tun ranar da Sharon ta ƙi ɗansa ta auri Elias yake jiran rana irin wannan, amma wannan magana ce ta masu dogon baki.

'Yan bangan nan dokarsu guda ce: hannun da ya ɗauka shi ake tambaya. Kullum safe sai a shimfiɗa hannuwan mutum a kan benci a bi su da gora har ya faɗi inda kaya suke. Elias kuwa ba gona, ba takardar makaranta ta kirki. Yatsun nan su ne gonarsa.

*

Sharon, da cikinta ya tsufa har ba ta ganin ƙafarta, ta hau acaɓa ta nufi wurin ubanta a bayan Hayin Dogo. Cindo sunansa, don da yatsa shida aka haife shi a hannun hagu. Maharbi ne a da, ɗan ƙauyen Maguzawa da suka shiga coci tun yana saurayi, kuma duk wanda aka kwance wa sa ko aka janye wa akuya daga Samaru har Giwa, ƙofarsa yake bugawa. Yakan dubi ƙasa ya ce maka ɓarawon yana ɗingishi, ya kuma tsaya a nan ya sha taba. Bai so auren nan ba tun farko. Cewa ya yi ba ya ba da 'yarsa ga mai sana'ar abin da ba ya barin sawu.

Ta same shi yana firi a masara. Ta durƙusa da ƙyar, ta ce, "Baba, hannunsa za su kashe."

Ya jingine fartanya, ya ɗauki sandarsa.

A ɗakin batura mata sun riga sun tattake komai, sawun silifa a kan sawun silifa. Cindo ya tsuguna ya daɗe, Gregory na tsaye a kansa yana duban agogo. Abin da ya fara gani shi ne ba a yanke wayoyin ba. An kwance su ne, aka naɗe bakinsu da tsumma, aka rataye a ƙusa don kada wani ya taka. Sannan gurbin batirin a share yake fes, an tara sharar a bayan ƙofa. Gregory ya ce ai shi ke nan, ɓarawo mai ilimi kenan, har sawunsa ya share. Cindo ya gyaɗa kai kawai. Shi dai ya tsufa yana bin ɓarayi, bai taɓa ganin wanda ya tsaya ya tara shara a lungu ba.

A waje ruwan Asabar da Lahadi ya wanke ƙasa tas. Sai dai ciyawar bayan ɗakin ba ta wanku ba. Nan da can akwai inda ta ƙone ta yi rawaya, ɗis-ɗis, kamar an ɗiga mata tafasasshen mai. Ya bi ɗigon ya wuce gindin mangwaro, ya ratsa bayan makarantar Lahadi, har bakin titi inda motocin haya ke tsayawa. Nan kwalta ta haɗiye shi.

Ya juyo kan Dominic maigadi, wanda tun safe yake rantsuwa da Littafi cewa bai rintsa ba daga Juma'a har Lahadi. Cindo ya tambaye shi yaushe aka fara ruwa ran Asabar, ya ce da la'asar. Ya tambaye shi ta wace kusurwa rufin baranda ke yoyo, Dominic ya hau sosa ƙeya. Da aka matsa, ashe bawan Allah tun Juma'a da rana yake gidan wata mai burkutu a Hayin Dogo, wadda ba burkutu kaɗai take sayarwa ba, in ji maƙwabtanta. Matarsa na cikin masu sauraro. Abin da ta yi masa a gida ran nan, 'yan banga ma sun ce ba su kai ta ba. Amma dai Dominic ba shi ya ɗauki batir ba, don mai ƙabar ciki irin tasa ko buhun gishiri ba ya ɗagawa.

*

A wani tsohon shagon injin niƙa aka kulle Elias. Cindo ya je da safiyar Talata, ya tsaya a bakin taga mai ƙarafuna, ya juya masa gefe, don tunda aka ɗaura aure surukan nan ba su taɓa haɗa ido ba. Elias ya gaishe shi daga zaune. Hannuwansa na kan gwiwa, sun kumbura sun yi sheƙi kamar ɗanyen kabewa.

Cindo ya ce shi bai san kan abin nan ba, a gaya masa yadda za a gaya wa jahili. Elias ya ce haɗa batura iri biyu ne. Akwai faralel, kamar awaki huɗu a turke guda, kowace da igiyarta, in ka kwance guda sauran na nan suna cin dusa. Akwai kuma siris, shi kamar jigida yake, jan kan wannan na riƙe da baƙin kan maƙwabcinsa, har ƙarfinsu ya taru ya kai bolt ɗin da inbata ke so. Ka zare guda, jigida ta zube. Na asibiti siris ne.

Ya ce, "Baba, wanda ya san aikin nan ba zai ɗauki guda ba. Ko ya kwashe duka, ko ya ciro inbata da kwantirola ya sa a jaka ya tafi abinsa. Wanda ya ɗauki guda bai san ya kashe komai ba."

Cindo ya tambayi ko mece ce kwantirola. Elias har ya so ya yi dariya. Ya ce wani ɗan akwati ne tsakanin faifai da batura, kamar uwa a bakin tukunya, in batir ya ƙoshi ta hana a ƙara masa. Ya ce ya faɗa wa 'yan banga duk wannan, suka ce turanci yake musu don ya raina su, suka ƙara masa biyar. Sannan ya roƙi kada a bar Sharon ta zo ta gan shi haka, ya ce in batirin ya shiga kasuwa, Madam Oby a Sabon Gari za ta sani.

*

Madam Oby na da shago a layin 'yan kayan wuta, ba nisa da reluwe. Mace ce mai faɗin ƙofa, Hausarta ta fi ta wasu Zage-zagi, sai dai in ta husata Broka ke fitowa. Labari ya riga Cindo isa, don Gregory ya baza cewa ita ce ke sayen kayan Elias na sata. Ta tarbe shi da masifa, ta ce ita ba ta musun ɓarayi na kawo mata kaya, wa ba sa kai wa a layin nan, amma wannan batirin bai zo ba, da ya zo da layi duka ya ji. Ta ce irinsa ba na mota ba ne. Na mota kamar saurayi yake, ya yunƙura sau guda ya tayar da inji ya kwanta. Wannan dif saikul ake ce masa, jaki ne, a hankali yake ba da ƙarfi har gari ya waye, amma in aka tsotse shi ƙarƙaf ba ya sake tashi.

Da masifar ta lafa ta sa aka kawo masa lemo, ya ba ta labarin ciyawar da ta ƙone. Ta ce ai ruwan batir ne, asid, in aka karkata batir mai murafu sai ya riƙa ɗiga. Ta ce namiji a kan babur ko baro zai ɗauka, a kwance daidai. Wanda ya ɗiga tun daga ɗaki har titi, a ka aka ɗauke shi, ana tafe yana rangaji. Ta janyo gefen zanenta ta nuna masa wasu ƙananan huji kamar ɓera ya yi ta'adi.

"Ka ga wannan, Baba? Ranar da ya zuba ba ka ganin komai, sai ka ce ruwa ne. Sai ka wanke kayan, su bushe, shi ke nan sun zama rariya."

Daga ran nan Cindo ya daina duban ƙasa, ya koma duban igiyar shanya. Ya bi Samaru gida-gida da sunan gaisuwa, ya leƙa bayan ɗaki, ya tsaya a kan katanga. Kafin Laraba ta faɗi mata sun gama da shi a bakin famfo. Wata ta ce tun rasuwar matarsa Lydia dama take ganin idonsa na rawa, wata ta ce tsufa in ya zo wa namiji ta nan yake fara ɓullowa. Wata tsohuwa har ta kwashe ɗan tofinta daga igiya da ta hango shi, ita da ko kare ba zai waiwaya ba. Shi kuwa kowace safiya sai ya ji a jikinsa lokacin da ake fito da benci.

*

Ran Alhamis da hantsi ya biya ta Hanwa don ya yi wa Mama Bibiana ta'aziyya, tunda bai samu zuwa ƙauye ba. Ba neman komai ya kai shi ba, gidan nan ba gidan da ake nema ba ne. Bibiana ce ta yi wa Lydia wankan ƙarshe, ita ta riƙe Sharon shekara guda bayan rasuwar, ita ke kai wa marasa lafiya kunu har gadon asibiti. Ita ce kuma ke ɗauko mabuɗi a zauren Fasto duk Juma'a, zumuntar mata su share ɗakin shan magani. Ba wanda ya ƙirga ta cikin masu mabuɗi, kamar yadda ba a ƙirga uwa cikin baƙi.

A tsakar gida kayan makoki ne a shanye. Cikinsu akwai anko na zumunta, riga da zane, rana na ratsa su ta ƙananan huji daga kafaɗa har ƙasa. Kusa da su ɗankwali, shi tsakiyarsa ma ta cinye, alamar da shi aka yi gammo.

Bibiana ta fito da kwano a hannu, ta gan shi, ta ga inda yake kallo. Ta ajiye kwanon a hankali. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, suka gaisa gaisuwar mutuwa har ƙarshenta, ba wanda ya tsallake ko kalma. Sannan ta faɗa masa. A ƙauyensu ba wuta, kuma makokin da ba a ji waƙar zumunta a lasifika ba, har jikoki za a riƙa gorantawa. Mai lasifikar ya aiko ran Juma'a cewa batirinsa ya mutu. Ita kuwa tana shara ta ga huɗu a jere. Ta yi niyyar maido shi Lahadi da yamma, ba wanda zai sani, sai ruwa ya cika rafin ƙauyen, mutane suka haye da ƙafa, kaya suka kwana can. Litinin ta iso bakin coci ta tarar ana jan Elias a ƙasa, bakinta ya mutu.

Ta ce rafi ya fara janyewa, ƙanenta zai kawo batirin ran Asabar, za ta sa shi gaban dattawa ta faɗa da bakinta.

"Kada ka ba yaran Gregory ni, Cindo. Ka ba ni zuwa Asabar."

"Hannun yaron nan fa, Mama?"

Ta ce ba ta barci, kullum tana kan gwiwa tana yi masa addu'a. Ta yi kuka har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tuna benci da gora, ya dubi furfurarta, ya tuna hannun da ya rufe wa Lydia ido. Ya ce to, Asabar.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai gidan Gregory. Ya ce ya ga sawu, a ɗaga wa yaro ƙafa zuwa jibi, a tara mutane. Gregory ya ce ya faɗi suna. Cindo ya ce jibi. Gregory ya yi murmushin nan nasa na tsohon mai duba tikiti, ya ce za a tara mutane, ba laifi. Da Cindo ya fita sai Gregory ya kira yaransa ya ce musu suruki na sayen lokaci ne don a kai kaya Kano, in ba a ji gaskiya gobe ba, ba za a ƙara jin ta ba.

Ran Juma'a da safe ba gora suka ɗauko ba. Ƙotar gatari ce. Mai kokon da ke kusa da shagon ta ce ta ji ƙara sau biyu, daga nan ba ta ƙara jin muryar Elias ba, ta kwashe kayanta ta koma gida.

*

Asabar da la'asar aka taru a gindin mangwaron coci. Dattawa a kan kujeru, mata a tabarmi, 'yan kallo har kan katanga. Aka zaunar da Dominic da kumburarren ido, aka zaunar da Sista Janet, Madam Oby ta zo da kanta ba a kira ta ba, ta ce tana so ta ga wanda zai maimaita maganar sata a gabanta. Aka fito da Elias daga ƙarshe. Hannun damansa a naɗe cikin rigarsa, yana rungume da shi kamar jariri. Sai a lokacin Cindo ya gani. Sharon ta yunƙura, mata suka riƙe ta.

Bibiana na sahun gaba cikin wata atamfa daban. Ba batir, ba ƙane.

Gregory ya buɗe da addu'ar da ta kusa kai magariba, sannan ya ce ga mai bin sawu nan, ya faɗi abin da ya gani. Cindo ya miƙe ya dogara sanda. Ya ce Dominic ba ya nan aka yi, kowa ya san inda yake, aka yi dariya. Ya ce batir bai shiga Sabon Gari ba. Ya ce a ka aka ɗauke shi, kuma wanda ya ɗauka ya share wurin ya rataye wayoyi don kada yaro ya taka. Ya tsaya nan, ya ba da lokaci. Bai dubi sahun gaba ba, amma kowa ya ga yana jiran wani abu. Bibiana na duban tafin hannunta.

Da shirun ya yi yawa sai ya tambaya su wa suka je makoki ƙauye ran Asabar da ta wuce. Rabin taron suka ɗaga hannu, har da dattawa. Ya tambaya ko an ji waƙa da kyau. Mata suka ce ƙwarai, har ƙauyen gaba an ji. Ya juya wajen Gregory.

"Dattijo, kai ka fi kowa daɗewa a kan lasifikar nan. Ƙauyen ba wuta. Da me ta yi magana?"

Wata mata daga baya, irin waɗanda bakinsu ke riga hankalinsu, ta ce ai wani ƙaton baƙin batir ne a ƙarƙashin tebur, har da tambarin gicciye na mishan a jikinsa, ita ma a kansa ta ɗora jakarta. Tana gama faɗa ta toshe bakinta da mayafi.

Nan Bibiana ta miƙe. Ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta ce ita ce, aro ta yi, don uwarta. Ta ce tun tana yarinya a ƙauye, in buƙata ta kama ka kana iya ɗiban dami guda a rumbun ɗan'uwa ka mayar bayan kwana biyu, muddin ba ka bar shi wayam ba. Ta ce ta ji firji ya yi shiru, amma ai dama yakan yi shiru ya huta ya sake tashi. Ta dubi Sista Janet, ta dubi dattawa, da gaske take tambaya.

"Na bar uku fa. Tukunya ma ba duwatsu uku ke riƙe ta ba?"

Madam Oby ta fara dariya, ta dubi Elias, dariyar ta tsaya mata a wuya. Ba wanda ya amsa wa Bibiana. Wanda zai iya amsawa yana zaune a ƙasa, haƙoransa na kaɗawa don zazzaɓi.

Dattawa suka shiga ofishin Fasto suka rufe ƙofa. Da suka fito, Gregory ya karanta abin da aka yanke: magana ce ta cikin gida, kada ta fita waje a yi wa coci dariya. An dakatar da Mama Bibiana daga cin jibin Ubangiji a coci na ɗan lokaci. Elias ba shi da laifi, ya tafi gida, abin da ya faru zafin yara ne, kowa ya yafe wa kowa. Aka rufe da waƙa, matan da suka rera a ƙauye su suka ja baki. Batirin kuwa sai tsakiyar mako ya iso a bayan akori-kura. Bayan makoki samarin ƙauye sun kwana biyu suna kallon fim da shi. Madam Oby ta ɗora masa mita, allurar mitar ko motsi, ta ce a ba yara su zauna a kai.

*

Lahadi da safe, ana can ana sujada, Cindo da Sharon suka kai Elias wurin wani maɗori a Jushi. Tsohon ya kwance rigar, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce shi karaya ya sani, wannan kuwa dakawa ce. Ƙashi zai haɗe da yardar Allah, amma yatsun ba za su ƙara dunƙulewa ba. Elias ya tambaya ko zai iya riƙe filaya. Maɗori ya ce ya gode wa Allah in ya riƙe cokali.

Aka ɗaure hannun da karare, aka fito da shi inuwar zaure ya huta kafin a samu mota. Sharon na yi masa fifita da murfin kwano. Cindo na tsugune a gefe, ya ba su baya kamar kullum. Elias ya yi masa godiya, ya ce ba don shi ba da yanzu na hagun ma ya tafi. Sannan ya tambaya, ba da wata manufa ba, irin tambayar mai sana'a ga mai sana'a.

"Baba, yaushe ka gane ita ce?"

Cindo zai iya cewa Asabar. Ba wanda ya sani sai shi da Bibiana, ita kuwa ba za ta faɗa ba har ta mutu. Ya daɗe yana duban ƙasa.

"Alhamis. Da hantsi."

Murfin kwanon ya tsaya a hannun Sharon. Elias ya dubi kararen da ke ɗaure a hannunsa, ya motsa baki kamar mai lissafin kwanaki. Can wata mota ta tsaya a bakin hanya tana neman fasinjan Samaru. Sharon ta tallafo mijinta ta miƙar da shi, da cikin da komai, Cindo ya matso zai kama ɗaya gefen.

"Bar shi, Baba," ta ce, ba ta dube shi ba. "Zan iya."

Suka shiga, kwandasta ya buga ƙofa. Akwai sauran wuri guda a baya, ya leƙo yana tambayar tsoho ko zai tafi. Cindo ya girgiza kai, motar ta tashi.